Fassara manhaja ta wuce juya kalmomi

Mutane da yawa sun ɗauka fassara manhajar intanet aiki ne mai sauƙi: a miƙa wa mai jin harsuna biyu jerin kalmomi, ya juya su, shi ke nan. Ina!

Sau da yawa mai fassara ba ya ganin shafin. Kalma ɗaya ake ba shi ita kaɗai, bai san ko a kan maɓalli za ta zauna ba. Ga kuma jinsi. Turanci na yi wa mace da namiji magana iri ɗaya, Hausa kuwa dole ta zaɓa: "ka shiga" ko "kin shiga". Shi ya sa ake fakewa da "an shiga", kuma a ganina hakan ya fi.

Ƙidaya ma rigima ce. Turanci siga biyu gare shi, tilo da jam'i, amma Larabci na buƙatar 6. In mai gina manhajar gurbi biyu kawai ya tanada, ba gwanin da zai iya gyarawa. Sannan Larabci daga dama yake farawa, sai shafin ya juya gaba ɗaya, har kibiyoyinsa.

Namu ciwon kan shi ne ƙ, ɗ da ɓ: in salon haruffan bai ɗauke su ba, ƙananan akwatuna za ka gani a tsakiyar kalma.