Fijon Alhaji Maƙo Za Ta Shiga Tsere

(Garejin Ali Bakanike a Jega, da hantsi. Yara huɗu sun turo wata tsohuwar Fijo 504, Alhaji Maƙo na zaune a ciki riƙe da sitiyari yana ba su umarni.)

ALHAJI: Ali, ga ta nan. So nike ka maishe ta motar tsere.

ALI: Sannu da zuwa, Alhaji. Tseren tuƙi ko na turi? Na ga da ƙafafun yara ta iso.

ALHAJI: Batir ne yay yi sanyi. Tun da nig ga motocin tsere sun shigo Argungu lokacin bikin kamun kifi na 2020 abin ke cina a rai. Yanzu ɗana ya nuna mani a waya, akwai filin da anka zuba kwalta anka zagaye kamar faifai, a yi ta kewaye har a samu gwani. Kuma kar ka raina ta. Irin wagga mota ce tac ci tseren Safari na Kenya a 1975, ta ƙara a 1978.

ALI: Ba ka yi ƙarya ba. Sai dai ta 1978 mai filogi shida ce, taka huɗu. Kuma duk cikinsu babu wadda ta yi shekara talatin tana jigilar albasa daga Aliero.

ƊAN-TANI: Oga, har yau in an buɗe but sai ido ya yi hawaye.

ALHAJI: Wa yas sa da kai? Ali, injin za ka fara taɓawa. Ka buɗe mata kafireto, ka cire salansa, in ta yi gurnani a jiyo ta daga Birnin Kebbi.

ALI: Burki za mu fara dubawa.

ALHAJI: Tsere nic ce maka, ba tsayawa ba.

ALI: Ranka ya daɗe, kowace kwana a filin nan sai ka taka burki da ƙarfi, zagaye bayan zagaye. Ɗan-Tani, duba mana burkinta.

ƊAN-TANI: Na gan shi, Oga. Yana ƙarƙashin kujera. Dutse ne, an ɗaura masa igiya.

ALI: (ya buɗe bonet, ya tsoma yatsa a kwanon man burki, ya shinshina) Alhaji, me ya sa man burkinka ke kumfa?

ALHAJI: Ruwan omo ne. Yana ci sarai.

ALI: Yana ci zuwa kasuwa. Burki in ya sha wahala zafi yake ɗauka, zafin ya bi har cikin mai. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Sabon man burki samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230. Da zarar abin da ke cikin bututu ya tafasa ya zama tururi, ka taka feda ta nutse har ƙasa, mota kuwa ko a jikinta. Man kirkin ma yana zuƙar danshi in ya daɗe, shi ya sa ake juye shi gaba ɗaya kafin tsere. Za mu sauya takalman burki, mu sauya robobin bututu.

ALHAJI: Duk wanga kuɗɗi ne kake lissafi.

ALI: Ban fara ba tukuna. Ɗan-Tani, karanto lambar nan huɗu ta gefen taya.

ƊAN-TANI: 2309.

ALI: Mako na 23, shekarar 2009. Tayar nan ta girmi mai karanta ta. Huɗu sababbi, da shokozoba huɗu. Lagireto kuma a wanke shi, a cire sabulun da ka liƙe shi da shi.

ALHAJI: Sabulun bai taɓa ba ni kunya ba.

ALI: Sai keji.

ALHAJI: Keji? Kaji za ni kai?

ALI: Kejin ƙarfe ne ake haɗawa a cikin mota, ya zagaye direba. In ta wuntsila, rufi ba zai lotsa ya same ka ba.

ALHAJI: To, wanga mai sauƙi ne. Ina da bututun ban-ruwa a fadama, na gonar shinkafa. A kira mai walda.

ALI: Wancan da ɗinki a jikinsa, in ya sha nauyi ta nan zai tsage. Na tsere bututu ne marar ɗinki, kuma ƙafafunsa kan faranti ake dasa su, a yi wa farantin walda da ƙasan mota. Matsalar ita ce taka ba ta da ƙasa. Daga nan ina hango kwalta.

ƊAN-TANI: Ta nan Alhaji ke zubar da tuƙar rake.

ALI: Za a sa gorar kashe gobara inda hannunka zai kai, a ɗaure batir da ƙarfe, a sa makunni ɗaya da zai kashe wutar mota gaba ɗaya in an yi hatsari.

ALHAJI: Bar wannan. Ita da kanta take mutuwa, ba ta jiran a ce.

ALI: Yanzu ga abin da za ka so, don kyauta ne: rage nauyi. Kujerar baya ta fita, da kafet, da katakon da ka shimfiɗa wa buhu.

ALHAJI: Kujerar baya? Hajiya fa?

ALI: Za ta zauna da 'yan kallo.

ALHAJI: (ya yi shiru kaɗan) Cire ta. Sai mi kuma ke da nauyi?

(Ali da Ɗan-Tani suka dubi tumbin Alhaji, suka dubi juna.)

ƊAN-TANI: Oga, wannan da sifana lamba nawa ake kwance shi?

ALHAJI: Ɗan banza! Ali, ka ja wa yaronka kunne.

ALI: Yi haƙuri, Alhaji. Zo ka gwada kujerar tsere, ga ta can na ɗaura a benci. Bel ɗinta reshe shida: biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, biyu tsakanin cinyoyi. Babbar riga ba ta shiga nan, akwai rigar da wuta ba ta saurin ci. Hular zannar nan ma a ajiye, ga hular kwano. Ba irin ta 'yan kabu-kabu ba ce, kuma dole ce, don in ba hula, keji kanka zai fasa.

(Aka ɗaure Alhaji tamau, aka kifa masa hular kwano.)

ALI: Madalla, ka fito direba. Saura kafin alƙalami. A kawo rabin kuɗin aiki yau.

ALHAJI: Mi kac ce? Hular ga ta toshe mani kunne.

ALI: NA CE KUƊI!

ALHAJI: Ko kaɗan ba ni ji. Hannuna ma bai kai aljihu, ka ga yadda kunka ɗaure ni.

ƊAN-TANI: (a hankali) Oga, ga naira ɗari biyar na tsinta a ƙarƙashin kujerar baya.

ALHAJI: Tawa ce! Kwance ni!