Kafin ka ɗauki tankin feshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sanyi ya ja baya a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa, Afrilu ya shigo, filayen ciyawa na ƙofar gidaje sun cika da ɗan furen nan ruwan ɗorawa da ake kira dandaliyon. Abin da ke fara zuwa wa da yawanmu a rai shi ne, ina maganin kashe ciyawa? Ƙasa ta yi watanni a mace, Allah Ya raya ta a gaban idonmu, ko Subhanallah ba mu ce ba, sai tsaki. Wannan raini ne, kuma ya zame mana jiki har ba ma jin nauyinsa.

Ɗan uwa, durƙusa ka dubi guda ɗaya. Abin da kake ɗauka fure guda ne, ƙananan furanni ne sama da 100 a cure, kowanne zai ba da irinsa. Yana buɗewa da hantsi, ya rufe da yamma, in ruwa ya sauko ya tsuke kansa. Bakin ganyensa tsage-tsage ne, shi ya sa Faransawa suka kira shi haƙorin zaki, daga nan sunan ya fito. Karya karan, za ka ga rami ne a ciki, farin ruwa kamar nono yana tsatsowa. In ya gama fure sai ya rufe na kwanaki, ya sake buɗewa farin dunƙule, kowane iri riƙe da 'yar lemarsa yana jiran iska. Wannan kake ce wa banza? Da wane baki, alhali muna karanta "Rabbana ma khalaƙta haza baɗila" a ƙarshen Suratu Ali Imrana, wato Ubangijinmu, ba Ka halicci wannan a banza ba?

A makonnin nan furanni ba su yi yawa ba. Ƙudan zumar da ya shafe hunturu yana cin ajiyarsa ya fito da yunwa, kuma dandaliyon na cikin abin da yake fara samu, da ruwan zaƙinsa da garin furensa. Ƙananan tsuntsaye na cin irin. Mun san hadisin da ya ce Musulmi ba zai yi shuka tsuntsu ko mutum ko dabba su ci ba face ta zame masa sadaka. Wannan kuwa ba kai ka shuka ba, ba ka ba shi ruwa ba, an kawo maka har ƙofa. Bari kawai aka nema a wurinka, shi ma ya gagara.

Ga wani tsiron kuma da ake kashewa a fili, kuloba, mai ganye uku-uku da farin fure. A saiwarta akwai ƙananan ƙulle-ƙulle da bakteriya ke zaune a ciki, suna ɗauko naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata, daga iska su mayar da shi taki. Da can har haɗa irinta ake yi da irin ciyawar fili. Bayan maganin 2,4-D ya fito a shekarun 1940, mai kashe masu faffaɗan ganye ya bar siririyar ciyawa, sai aka soma lissafa ta cikin ɓarna. Yau mutum zai kashe ta, sannan ya sayo takin da take ba shi kyauta. 'Yar uwa, ina godiya a nan?

Ban ce gyaran fili haramun ne ba. Amma a yi shi da sani. Saiwar dandaliyon doguwa ce, takan nutsa santimita 15 zuwa 30, wani lokaci fiye. In ka fizge shi a busasshiyar ƙasa saiwar za ta karye, guntun da ya rage ya sake tsiro. Jira bayan ruwa, ka soka siririn ƙarfe a gefenta, ka ɗago ta ɗungurungum. In yaɗuwa kake tsoro, bar shi ya yi fure, da ya rufe ka tsinke kan ka kwashe, domin wanda aka yar a ƙasa yakan ƙarasa nunar da irinsa. Ɗaga injin yanka zuwa santimita 7 ko 8, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka ɗaya. Askin ƙwal shi ke buɗe ƙasa rana ta daki iri ya tsiro, sai a dawo ana zargin furen. A Birtaniya ƙungiyar Plantlife tun 2019 take kiran mutane su ajiye injin duk watan Mayu. In ba za ka iya ba, ware kusurwa ɗaya.

Feshi kuwa, iska na kai shi kan shukar maƙwabci, ruwan sama na wanke shi zuwa magudana, yara da dabbobi na birgima a inda aka fesa. Haƙƙin mutane ne wannan, za a tambaye mu.

Don Allah mu rage tsaki. Don Allah, kafin hannunka ya kai ga tankin nan, fita da hantsi lokacin da furen ke buɗe, ka tsaya ko minti biyu ka ga waɗanda ke cin abinci a kansa. Allah Ya yafe mana rainin da muka yi wa halittunSa.