Babban banki ya kashe gobara, amma kada ya ba da ruwan kyauta

A watan Satumban 2007, masu ajiya sun yi dogayen layuka a ƙofar rassan bankin Northern Rock na Birtaniya, kowa na son ya karɓi kuɗinsa tun kafin a ce babu. Duk lafiyar banki, ba zai jure irin wannan rana ba. Kuɗin da aka ba shi ajiya ba kulle su ya yi a ɗaki ba, ya ranta wa masu sayen gidaje da 'yan kasuwa, wasu sai bayan shekara 25 za su gama biya. In kowa ya taso lokaci guda, dole ya karyar da kadarorinsa, farashi ya faɗi, wutar ta tsallaka gidan maƙwabci.

Saboda irin wannan rana ake da babban banki. Abu na farko da yake yi shi ne rage kuɗin ruwa, don rance ya yi sauƙi. Na Amurka ya sauko da shi daga kashi 5.25 cikin ɗari a 2007 zuwa kusan sifiri a Disamban 2008, wata uku bayan durƙushewar katafaren bankin nan na Lehman Brothers. Da aka rasa abin ragewa, sai ya shiga ƙirƙiro sabon kuɗi yana sayen takardun lamuni, wato takardun shaidar bashi da ake saye da sayarwa a kasuwa, har dukiyar da ke hannunsa ta tashi daga dala biliyan 900 zuwa wajen tiriliyan 4.5 a 2014. Wani lokaci ma magana kaɗai kan wadatar: a Yulin 2012 Mario Draghi, shugaban Babban Bankin Turai na lokacin, ya yi alkawarin yin duk abin da ya kama don ceto kuɗin yuro, kasuwa kuwa ta lafa.

Ni ina goyon bayan wannan ɗauki, kuma da gaske nake. Mun san abin da zuba ido ke jawowa. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka rushe a Amurka, ma'aikaci ya rasa aikinsa da ajiyarsa gaba ɗaya.

Inda nake da ja shi ne sharaɗi. Tun 1873 Walter Bagehot, wani marubucin tattalin arziki ɗan Birtaniya, ya shimfiɗa wa babban banki ƙa'idar: a ba da rance hannu sake, amma da tsada, kuma a kan jingina mai kyau. Tsadar tana da dalili. Ita ke rarrabe bankin da tsabar kuɗi ta yanke masa na ɗan lokaci da wanda ya riga ya ci jarinsa. In aka cire ta, shugabannin bankuna za su koyi cewa riba tasu ce, asara ta kowa, gobe kuma su sake caca da ajiyar mutane. Janye tallafin ma akan yi jinkiri, domin babu mai son a ce shi ya katse jin daɗi. Sai da hauhawar farashi ta yi ƙamari a Amurka aka fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris ɗin 2022, a Yuni hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin ɗari.

Da bankin Silicon Valley na Amurka ya faɗi a Maris ɗin 2023, hukumomi sun kare kuɗin masu ajiya, suka bar masu hannun jari da asararsu, suka sallami shugabannin. Wannan ɓangaren ya yi daidai. Amma a daidai lokacin kuma babban bankin Amurka ya yarda ya karɓi takardun lamuni jingina a kan cikakken farashinsu na asali, alhali a kasuwa sun zube. Wannan sassaucin ne nake tsoron ya zama al'ada.