Tsakanin Zuwa Gida da Zuwa Tsibirin Hydra

Yawancinmu Hausawa da ke zaune a Turai ba mu san wani hutu ba sai na zuwa gida. A Jamus, inda nake zaune, doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun aƙalla kwana 20 a shekara, wurare da dama kuma suna ƙarawa har ya kai kwana 30, amma ɗan'uwanmu yakan tattara su gaba ɗaya, ya ɗaure akwatunan tsaraba, ya nufi Kano ko Yamai ko Kumasi. Ban ga laifin wannan ba, domin zumunci a ƙafa yake, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da nake jayayya a kansa shi ne zaton da muke yi cewa jiki yana hutawa a wannan tafiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa gida bayan doguwar rabuwa ya san yadda kwanakin suke tafiya. Akwai gaisuwar rasuwar da aka yi ba ka nan, da barkar haihuwa, da dubiyar marasa lafiya, da ɗaurin auren da aka ɗaga saboda zuwanka, da ginin da ka daɗe kana turo kuɗinsa wanda sai ka tsaya a kansa da kanka, sannan zaure ba ya rabuwa da baƙi tun daga hantsi har bayan isha'i. Duka wannan alheri ne kuma akwai lada a cikinsa, sai dai mutum yakan koma bakin aiki da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita, ya sake shiga wata shekarar ta sanyi da duhu ba tare da ya samu kwana uku a jere da babu mai jiransa ba. Saboda haka ra'ayina shi ne ɗan ci-rani ya riƙa cire mako guda daga cikin kwanakin nan, ko da ba kowace shekara ba, ya tafi da iyalinsa wurin da babu wanda ya san shi, kuma ban san wurin da ya fi ƙaramin tsibiri a ƙasar Girka dacewa da wannan ba.

Na ce ƙarami da gangan. Girka tana da tsibirai kusan 6,000, waɗanda ake zaune a kansu kuwa ba su wuce 227 ba, amma sunaye biyu ne kawai suka cika kunnen duniya, wato Santorini da Mykonos. Mazaunan Santorini ba su wuce kimanin mutum 15,000 ba, alhali baƙin da ke zuwa mata a shekara miliyoyi ne, har ta kai gwamnati ta sa harajin yuro 20 a kan duk wanda ya sauka daga manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido a tsakiyar bazara, tun daga 2025. Wanda ya je can neman kwanciyar hankali a watan Agusta tamkar wanda ya shiga Kantin Kwari ne ana jajibirin Sallah yana neman inda zai kishingiɗa.

Tsibirin da na sani shi ne Hydra, wanda mutanensa ke kira Idra. Yana daura da gaɓar yankin Peloponnese, jirgin ruwa mai sauri yana isa can daga tashar Piraeus ta birnin Atina cikin ƙasa da awa biyu, kuma mazaunansa na dindindin kimanin mutum 2,000 ne. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne doka ta hana mota da babur a kansa, in ban da 'yan motocin hukuma irin na kwasar shara. Garin an gina shi ne a jikin dutse, ya kewaye tashar jiragen ruwa yana hawa sama, lungunansa kuma matakala ne na dutse, don haka mutum ko dai ya taka da ƙafarsa, ko ya hau dabba, ko ya shiga ƙaramin kwalekwalen haya ya zagaya ta ruwa.

Ya kamata baƙo ya sauko bakin tasha da sassafe lokacin da jirgin kaya ke sauke lodi. Alfadarai da jakuna suna tsaye a jere da sirdunan katako, masu su suna ɗaura musu buhunan siminti da katan-katan na ruwan sha da tukwanen gas, kuma a gabana aka ɗora wa wani alfadari firji sabo fil a cikin kwalinsa, mutum biyu suka ja igiya suka daidaita shi, mai dabbar ya yi mata magana a hankali, ta kama matakala tana hawa ba gardama. Babu wanda ya tsaya kallo sai mu baƙi. A nan na gane cewa ba don burge masu ɗaukar hoto ake ajiye dabbobin nan ba, da su garin yake rayuwa, kuma duk wani bulo da kujera da ke gidajen can sama a bayansu ya hau. Idan babu ƙarar inji, kunne yakan fara jin abin da ya manta da shi: kofato a kan dutse, ƙararrawar coci, ruwa yana dukan jikin kwalekwale, da muryar mata biyu suna gaisawa daga taga zuwa taga.

Manyan gidajen dutse da ke kallon tashar suna da tarihinsu. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, lokacin da tsibirin ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya, matuƙansa sun yi arziki da safarar alkama daga Bahar Aswad zuwa yammacin Bahar Rum, musamman a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon da suke ratsa shingen jiragen Ingila. Da aka fara yaƙin neman 'yancin Girka a 1821, sai suka mai da jiragen fataucinsu na yaƙi. Andreas Miaoulis, wanda ya jagoranci rundunar ruwan, ɗan Hydra ne, har yau ana yi masa biki a ƙarshen watan Yuni, shi kuma attajiri Lazaros Kountouriotis ya zuba dukiyarsa a yaƙin, gidansa yanzu gidan tarihi ne. Bayan haka jiragen tururi suka kashe kasuwar, mutane suka watse, garin ya tsaya yadda yake, daga baya kuma hukuma ta ayyana shi wurin tarihi ta hana a sauya fasalin gine-ginensa. Shirun da baƙo ke jin daɗinsa a yau talauci ne ya fara kawo shi, doka ta zo ta tsare shi, mazauna kuma suka yarda su ci gaba da hawa matakala da ƙafa har tsufansu.

Doka ta shiga har cikin barcin rana. A Girka, daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, an hana hayaniya daga ƙarfe uku na rana zuwa biyar da rabi, kuma a ƙaramin wuri irin wannan ana kiyayewa. Ana rufe tagogin katako, shaguna da yawa suna kullewa, kyanwoyi suna miƙewa a inuwa. Mu ma a gida mun san kishingiɗar bayan azahar, amma baƙon da ya zo daga Turai ba ya samunta, domin a daidai lokacin ne wani zai yi sallama, kuma ba tarbiyya ba ce a ce masa ana barci. Bambancin ke nan a wurina. A gida ni ɗan wani ne, kawun wani, surukin wani, kowa yana da haƙƙi a kaina kuma ina alfahari da hakan. A tsibiri ba wanda ke bin mu komai sai gaisuwa, don haka da la'asar muna iya bin hanyar bakin teku zuwa ƙauyen Kamini, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, ni da maiɗakina da yara, mu yi hirar da shekara guda ta aiki da makaranta ba ta ba mu damar yi ba.

Na san abin da ake faɗa a gida game da irin wannan tafiya. Yayana ya taɓa ce mini a waya: "Malam, kuɗin da za ka kai wa Turawa don ka kalli ruwa, ai da ka turo an rage wata hidimar." Maganarsa tana da nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa, domin wanda ke da marayu a wuyansa ko kuɗin asibitin iyaye bai kamata ya fara tunanin tsibiri ba. Amsar da na ba shi ita ce: "Yaya, jikin da ke nemo abin hidimar shi ma yana da haƙƙi." Hajiya kuwa da ta ji bayani, tambaya ɗaya ta yi, ko akwai inda za mu yi sallah, sannan ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Tambayarta ta taɓo inda gida ya fi tsibiri nesa ba kusa ba. Babu masallaci a Hydra, babu kiran sallah, sai dai mutum ya duba alƙibla a wayarsa ya ja iyalinsa jam'i a masauki. Abinci yana buƙatar lura, domin naman alade ya yi yawa a gasasshen naman da Girkawa ke sayarwa, kuma wani girkin ana zuba masa giya, don haka sai an tambaya. Sauƙin da ake samu shi ne kifi da wake da ganye da cuku da burodi da man zaitun sun wadata, kuma saboda Kiristocin Orthodox suna da kwanakin azumi masu yawa da ba sa cin nama a cikinsu, masu abinci sun saba da girkin da babu nama. Shigar masu wanka a bakin teku ba irin tamu ba ce, wanda ke da yara sai ya zaɓi wuri da lokaci. Tsada ma tana nan, domin Hydra ba tsibirin talaka ba ne, komai ta ruwa ake kawo shi sannan a biya kuɗin dabba, kuma wanda ke zaune a Ingila da fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Schengen, saɓanin mai takardar zama a Jamus ko Faransa.

Baƙo ma yana da nasa nauyin. Tsibirin busasshe ne, tsofaffin gidajensa da ruwan saman da suke tarawa a rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa suka rayu, an kuma daɗe ana kawo masa ruwa da jirgi kafin a kafa injin da ke raba ruwan teku da gishiri, don haka ɓarnar ruwa a can cin amanar masu gida ne. A watan Yunin 2024 gobara ta cinye wani ɓangare na ɗan dajin da tsibirin ke da shi, aka kuma zargi wasan wutar da aka harba daga wani jirgin shaƙatawa na attajirai, a wurin da babu hanyar da motar kashe gobara za ta bi.

Wanda ya yi niyyar zuwa ya guji Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke tsananta kuma bakin tashar ke cika da masu zuwa su koma a yini guda. Watan Mayu ko ƙarshen Satumba ya fi, masauki yana sauƙi, ana kuma iya hawa dutse zuwa gidan ibadar Profitis Ilias da ke saman gari ba tare da rana ta galabaitar da mutum ba. Idan iska ta yi ƙarfi akan soke tashin jiragen ruwa masu sauri, saboda haka ya bar tazarar kwana guda a Atina kafin jirginsa na sama, kuma idan ranar ta faɗo Juma'a, akwai masallacin da gwamnati ta buɗe a unguwar Votanikos a 2020.