Wai Zafin Nan Mun Saba Da Shi

Na karanta abin da wani bawan Allah ya rubuta jiya a ƙarƙashin gargaɗin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar game da tsananin zafi, kuma na ga yadda wasunku suka yi ta jinjina masa. Wai sauyin yanayi tatsuniyar Turawa ce, wai mu mutanen Kebbi a cikin zafi aka haife mu, a cikinsa kuma za a binne mu. Madalla da wannan zurfin ilimi. Allah Ya sa dai lokacin da yake rubutun babu na'urar sanyaya ɗaki tana hura masa ƙeya.

A wurinmu maganar sauyin yanayi maganar asibiti ce, kuma duk wanda yake son ganin ta da idonsa ba ya bukatar a nuna masa hoton ƙanƙara tana narkewa a wata uwa duniya. Ya je ɗakin yara a kowane asibiti cikin watan Afrilu. Na yi kwana huɗu a irin wannan ɗaki ina jinyar ɗan yayata, wanda wuyansa ya sanƙare har ba ya iya sunkuyar da kai ya sha ruwa. Babu wuta, tagogi a buɗe amma iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu take fitowa. Iyaye mata suna jiƙa zane su lulluɓe yaransu, kafin a idar da sallah zanen ya bushe ƙayau, sai su koma fifita da yagaggen kwali. Wata tsohuwa da ke gadon kusa da namu ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, na haura shekara saba'in, ban taɓa jin dare ya ƙi yin sanyi irin na shekarun nan ba." Ita ba ta da Facebook, ba ta kuma taɓa zama da Bature ba.

Za a ce ai sanƙarau ba yau ya fara ba. Wa ya ce yau ya fara? Kowa ya san lokacinsa ne idan iska ta bushe, ƙura ta tashi, zafi ya matsa, domin a lokacin ne fatar cikin hanci da maƙogwaro take tsattsagewa, ƙwayar cutar ta sami ƙofar shiga jini, ga kuma mutane cunkushe a ɗaki guda. Idan wannan lokaci ya ƙara tsawo da tsanani, an ƙara wa cutar fili ke nan. A watan Maris na 2025 gwamnatin jiharmu da bakinta ta tabbatar da mutuwar mutum 26 a Gwandu da Aliero da Jega. A 2017 kuwa, da annobar ta yi wa Zamfara ɓarna, gwamnan lokacin ya ɗora laifin a kan zunuban jama'a, sai ka ce ƙwayar cutar tana tsayawa ta binciki halin jaririn da za ta kama.

Ita ma damina ta daina zuwa da hankali. Sai ta yi jinkiri, sannan ta juye ruwan wata guda cikin kwana biyu, kuma masana sun daɗe da bayyana cewa iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa take sauke shi da ƙarfi. Mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafar fadamun Argungu har zuwa Yauri. An ƙirga hekta, an ƙirga buhuna, an ɗauki hoto da manya a cikin kwalekwale. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne abin da ya biyo baya: masai ya cika ya malala cikin rijiya, amai da gudawa suka shiga gidaje, ruwa ya kwanta a kududdufai sauro ya hayayyafa, rumbu kuma ya zama wayam, yara suka faɗa tamowa. Yaron da yunwa ta riga ta raunana, zazzaɓi kaɗan ke kayar da shi.

Kuma wannan yana faruwa ne a jihar da binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaranta, alhali a Legas bai wuce kashi 3 ba. Ba don ƙaunarmu ta fi ta kowa ba aka zaɓi Kebbi tare da Bayelsa a fara allurar riga-kafin wannan zazzaɓi a watan Disamba na 2024. Masu cewa komai daga Allah ne, gaskiya suka faɗa, sai dai na lura su ma da dare gidan sauro suke shiga.

Wallahi ba don in ci mutuncin kowa nake wannan rubutu ba. Tsoro nake ji. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da gawarwakin tsofaffi, kuma mu da su duk a bakin hamada guda muke. Tsofaffinmu masu hawan jini, da mata masu juna biyu, da manomin da ke yini a fadama yana zubar da gumi babu isasshen ruwan sha har ƙodarsa ta gaji, su ne a sahun gaba.

Af, da na koma asibitin nan a watan jiya, na tarar an sare bishiyar dogon yaron da masu jinya suke shimfiɗa tabarma a inuwarta, wai za a gina shaguna. Kututturen ma an ce masu gawayi sun riga sun biya kuɗinsa.