Ƙannena marubuta, yaushe gyara ya zama hassada?

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, musamman ku ƙannenmu masu tasowa. Tun ranar Asabar nake danne maganar nan a raina, na ce bari in yi shiru kar a ce na fiye ƙorafi, amma wallahi abin ya ƙi barina.

Waɗanda suka zo zamanmu na ƙarshen wata sun ga abin da ya faru. Wani yaro, ba zan kama suna ba shi ya san kansa, ya taso tun daga unguwar Rigasa a nan Kaduna da labarinsa shafi 12, ya karanta mana babin farko. Tsakani da Allah yaron nan yana da baiwa, yadda ya kawo hoton tashar jirgin ƙasa da asuba, masu shayi da 'yan dako da sanyin nan mai shiga ƙashi, sai da na ji kamar ina tsaye a wurin. Muka tafa masa. Sai Baba, dattijon nan namu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Hausa kafin ya yi ritaya, ya karɓi takardun ya ciro jan bironsa kamar yadda yake wa kowa. Ya ce ɗana nan ka haɗe "ya ce" ka mai da shi kalma ɗaya, nan kuma ka rubuta "baki" alhali "baƙi" kake nufi, ka ga kenan baki ne ya sauka gidan Alhaji ba mutane ba, sannan jarumin naka a shafi na 2 maraya ne, a shafi na 3 ga mahaifinsa yana masa faɗa. Iyakar abin da ya faɗa kenan fa, cikin taushin murya, har da sa albarka. Yaro ya haɗe rai ya tashi ya fice ko sallama babu, ya bar takardun a kan benci. Kafin magariba ya fita daga zaurenmu na WhatsApp, ya ɗora a sitatus wai hassada ga mai rabo taki.

Hassada? Baba ne zai yi maka hassada? Mutumin da ya girmi mahaifinka, ya hau keke Napep tun daga Kawo da kuɗin aljihunsa, ga ciwon gwiwa, don kawai ya zauna ya saurari abin da yara suka rubuta? Haba ƙanina. Gyara kayanka ai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kuma da shi kaɗai ne da ban ɗauki waya na yi wannan dogon rubutu ba. Ciwo ne da ya cinye mu. Yau duk wanda ya ce maka nan ba daidai ba ne ya zama maƙiyi, wanda ya ce "kai Malam ka iya, ci gaba muna jira" shi ne masoyi, ko da bai wuce layi uku a abin da ka rubuta ba. Akwai wata ƙanwarmu da ta turo min littafinta da kanta ta ce Yaya a duba min, na ɓata dare biyu ina dubawa, na ce mata wannan wurin da likita ya yi wa mara lafiya aikin zuciya da safe aka sallame shi da yamma ba ya yiwuwa, ki nemi ma'aikacin asibiti ki tambaya, ga su nan birjik a garin nan. Ban sake jin ɗuriyarta ba, daga baya na gane ta toshe lambata. Ashe yabo ta zo nema ta sa masa sunan dubawa. In kin san yabo kike so ai sai ki kai wa ƙawayenki tun farko, me ya kawo ki zauren marubuta?

Wani kuma aka ce masa dakata a ƙara bin rubutun nan ko sau ɗaya, ya ce ai shi ya riga ya sa ranar ƙaddamarwa, an buga kati, an gayyaci mai girma wane. Ya kwashi kuɗin da ya sha wuya ya tara ya kai maɗaba'a, littafi ya fito da kuskure tun daga bango, a sunan littafin kansa. Ya dawo yana zagin masu bugawa. To laifinsu ne? Ku fahimci wani abu don Allah, mai injin bugu daban, kamfanin wallafa daban. Mai inji abin da ka miƙa masa a filashi shi zai zubo maka, ko ka rubuta sunanka a juye haka zai fito kwafi ɗari biyar, ba aikinsa ba ne ya karanta. Ita ma lambar ISBN da kuke zumuɗin karɓowa daga Laburaren Ƙasa lamba ce ta shaidar littafi kawai, ba ta nufin wani ya karanta ya ce ya yi kyau. Tunda yawancinmu da kanmu muke bugawa, ba mu da editan da ya wuce irin su Baba, kuma su ɗin muke kora. Sauri dai ya haifi nawa.

Ban ma so in taɓo masu sayar da batsa a zaurukan kuɗi ba, a turo ɗari biyar a saka ka a ciki, yarinya da hijabinta har ƙasa amma abin da take rubutawa ba za ta iya karanta shi gaban mahaifiyarta ba. Ga masu ɗauko labarin wani su canja sunaye su ce nasu ne. Ga waɗanda kowane jaruminsu ɗan mai kuɗin Afirka ne, ya yi karatu a Ingila, ba ya dariya, kamar babu mutane a Tudun Wada da Kasuwar Barci da rayuwarsu ta isa a rubuta. Duk waɗannan in ka bi salsalarsu wuri ɗaya suke komawa, babu wanda ya isa ya ce musu a'a. Wanda bai ji bari ba kuwa ai ya ji hoho.

Abin da ke ƙara ƙona min rai, mu fa 'yan jihar nan bai kamata a ce mu ne muke haka ba. Zariya ga ta nan kusa, can ne cibiyar rubutun Hausa na boko a zamanin da. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da aka shirya a 1933 ita ta fito da su Abubakar Imam, kuma duk baiwar da Allah ya ba shi sai da rubutunsa ya bi ta hannun Dokta East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a lokacin, ana dubawa ana gyarawa, ya zauna a Zariya suka yi aiki tare, har ya zo ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da girman kai ya yi irin naku da wa zai san shi yau? Kamfanin wallafa littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966, wa ya isa ya kai rubutu yau a buga masa gobe? Sai ya bi ta hannun masana, ka yi ta jira. Shi ya sa littattafan lokacin har gobe ake karanta su a makarantu, namu kuwa sati biyu an manta, an koma kan sabo. Ko Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, duk shekara in sakamako ya fito sai ka ji waɗanda ba su ci ba suna cewa an yi son kai, da wuya ka ji wadda ta ce bari in koma in duba inda na gaza.

Mu da muka fara a littafin makaranta muke rubutu da biro, ka cika guda uku huɗu ka kai wa na gaba da kai, ka durƙusa ka miƙa da hannu biyu, ka yi wata kana zarya. In ya dawo maka da shi jawur da gyara murna kake, domin ka san an karanta kenan, wanda aka dawo wa da nasa fes shi ne abin tausayi. Ka sake kwafewa tun daga farko da hannunka ba ka ce uffan ba. Ina wannan tarbiyyar ta tafi ne? Yanzu yaro ya yi littafi biyu a waya, mabiya dubu sun kira shi gwani, shi kenan ba mai faɗa masa, ko gaisuwa sai ya ga dama. Abin da babba ya hango fa yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Ku yi wa Allah ku sassauta zukatanku, ku riƙa karatu, ku riƙa haƙuri da maganar manya ko ta yi ɗaci. Dattawan nan ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke.

Kai kuma ƙanina na Rigasa, na san za a tura maka wannan. Takardun da ka bari a kan benci Baba ne ya tattara su ya tafi da su gida, jiya ya aiko jikansa da su a leda, ya bi sauran shafi 9 ɗin duka ya gyara, a ƙarshe ya rubuta cewa a ce maka yana jiran babi na biyu. Suna wurina a shago, ka san wurin, ina nan har bayan la'asar.