Wahalar Sayar da Jirgin Kamun Kifi a Garin da Ba a San Ubanka Ba

Tun da na zo jihar Minesota ta Amurka, baƙunta ba ta taɓa tsaya mini a rai ba kamar lokacin da na sa ƙaramin jirgina na kamun kifi a kasuwa. Mutumin da ya fi kowa nuna alamar da gaske yake ya ce ba zai zo gidana ba, sai dai mu haɗu a filin ajiye motoci na ofishin 'yan sanda, inda aka keɓe wuri mai kyamarori domin waɗanda za su yi ciniki ba su san juna ba. Wannan bai dame ni ba, domin haka suke yi wa junansu ma. Ya duba jirgin ciki da waje, ya yaba, sannan ya karɓi takardar mallaka ya karanta sunana, ya tambaye ni ƙasarmu. Da na ce Najeriya, sai ya yi 'yar dariya ya ce to bari ya sake duba lambar da ke jikin jirgin. Ya ce wasa yake yi, amma daga ranar bai sake ɗaga wayata ba.

Sai na ɗan kwatanta muku wurin kafin ku gane girman abin. Jihar nan tana taƙama da tafkuna har ta rubuta 10,000 a jikin lambar motocinta, kuma jirgin kamun kifi a nan ba kayan sana'a ba ne, abin hutun ƙarshen mako ne da malamin makaranta da direban bas duk suke iya mallaka. Nawa na alminiyam ne, tsawonsa ƙafa 17, da inji a baya, yana zaune a kan amalanken ƙarfe mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota. Matsalar ita ce ruwan nan ba ya buɗe duk shekara. Daga wajen Disamba tafkunan suna daskarewa har motoci su riƙa tafiya a kansu, sai Afrilu ƙanƙarar take narkewa, a watan Mayu kuma a buɗe kamun kifin da suka fi so. Wanda ya fito da jirgi a watan Oktoba, kamar yadda canjin gida ya tilasta mini, kowane mai saye ya san cewa idan bai sayar ba sai ya tsiyaye ruwan injin don kada sanyi ya fasa shi, ya naɗe jirgin da leda mai kauri, ya kuma biya hayar wurin ajiya har bazara. Da wannan sanin suke yin tayi.

Ga kuma takardu. Jirgin da ya wuce ƙafa 16 dole ne ya kasance da takardar mallaka daga hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, ban da rajistar da ake sabuntawa duk shekara 3. Amalanken ma yana da tasa rajistar a ƙarƙashin wata hukuma dabam. A bayan jirgin akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 12, wadda dokar ƙasar ta wajabta tun 1972, kuma idan harafi ɗaya ya saɓa da abin da ke takarda, ciniki ya tsaya. Idan da bashin banki aka sayi jirgin tun farko, sai an kawo shaidar cewa bankin ya janye hannunsa. Hatta jan jirgin a titi yana da doka, domin sai an cire toshiyar ƙasansa ruwa ya tsiyaye, saboda kada a kwashi ciyawa ko wasu ƙananan halittu masu ɓarna daga wannan tafki zuwa wancan.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da masu saye. Na sa tallar a Facebook, saƙonni suka yi ta shigowa, yawancinsu tambaya ɗaya ce, ko jirgin yana nan, kana amsawa kuma shi ke nan. Wani ya taya rabin kuɗi tun bai ga jirgin ba. Wani ya sa na ja shi har bakin tafki don gwaji, muka zaga da man da na saya, muka fito ya ce zai yi shawara da matarsa. Akwai kuma waɗanda suke cewa za su aiko da cakin kuɗi da ya fi farashin, in mayar musu da ragowar, wanda kowa a nan ya san damfara ce. Ni da ake yi wa kallon ɗan damfara saboda fasfona, ni ne kuma 'yan damfarar suka yi ta farauta a wayata.

A irin daren nan ne nake tuna bakin dam ɗin Dadin Kowa da ke jihar Gombe, inda baffana ya yi su shekara da shekaru. Ba sai na gaya muku yadda ake sayar da kwale-kwale a can ba. Mai saye ya san masassaƙin da ya yi shi, ya san wanda ya ɗinke shi da ya tsage, Sarkin Ruwa ya san mai shi, kuma da an yi tayi an ce albarka sau biyu ko uku an sallama, magana ta ƙare a gaban shaidu. Haka abin yake a kasuwar dabbobi ta Tike idan sa za ka sayar. Dillalin da muke zagi kullum, ashe shi ne yake ɗauke wa mutum zaman jiran waya da wulaƙancin tayin banza, kuma idan kaya ya zama na sata ko aibi ya fito daga baya, an san ƙofar gidansa. La'adar da yake karɓa kuɗin fuskarsa ce da ya jingina.

Na san za a ce tsarin nan yana da amfaninsa, kuma ban musa ba. Da wuya a sayar maka da jirgin sata a nan, alhali mu a gida muna da dillalan da ke cin baki biyu, kuma labarin jiragen da ke kifewa da fasinja a kogunanmu ba abin alfahari ba ne. Akwai ma kamfanonin da ke karɓar jirgi su sayar maka su cire kasonsu, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga manyan jirage, ƙarami irin nawa kuwa farashin da za su ba ka ya fi kama da kyauta. Amma takarda jirgi kaɗai ta sani. Takarduna sun cika, ko ɗigo bai ɓace ba, kuma ba su hana a dube ni a ja da baya ba.

Yadda jirgin ya fita a ƙarshe shi ya ƙara mini haushi. Maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, ya ga yadda nake fama, sai ya ce in kawo jirgin ƙofar gidansa. Da mai saye ya zo, abin da dattijon ya faɗa kawai shi ne ya san ni, ya kuma taɓa shiga jirgin. Aka ƙirga kuɗi nan take, muka sa hannu. Na gode masa ƙwarai, amma na kwana ina tunanin cewa shekarun da na yi ina aiki ina biyan haraji a garin nan ba su kai nauyin jimla biyu daga bakinsa ba.

Shi ya sa da Yayana ya kira ni daga Gombe kwanan baya yana cewa ɗansa ya ɗauki hoton filin mahaifinmu na hanyar Deba zai sa a WhatsApp, wai don a huta da dillalai, ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, amma kada a sayar da filin Baba ga wanda ba a san daga inda ya fito ba. A nemo dillalin da ya san mu, a kira mai unguwa, a zauna da maƙwabtan iyaka." Ya yi dariya ya ce shi ya ɗauka zaman Amurka zai sa in waye. Yaran gidanmu gani suke yi duk abin da ya bi ta waya ci gaba ne, kuma ni da nake nesa ba ni da bakin hana su, tunda ba ni ke zuwa zaman makoki da suna a unguwar ba. Abin da na iya samu shi ne alkawarin Yaya cewa ba za a karɓi kafin alƙalami daga hannun kowa ba sai na zo gida da babbar sallah.